Hannun Sista Kar-a-taɓa

Idan ka shiga asibitin nan kana cigiyarta da sunanta na gaskiya, sai ƙafarka ta gaji ba ka sami mai nuna maka ita ba. Amma ka ce "Sista Kar-a-taɓa", ko mai gadin ƙofa zai ɗaga maka yatsa sama: hawa na biyu, ƙarshen baranda, ƙofar nan mai murfi biyu da jan layi a ƙasa, wanda ba a tsallake shi da takalmin waje. Nan ne ɗakin tiyata. Nan ta yi shekara talatin da ɗoriya a tsaye, tana miƙa wa likita kayan aiki.

Gajeriya ce, ga jiki, ga murya. Likitan da ta fi daɗewa da shi kuwa dogo ne zanƙalele, sai an ɗaga gadon tiyata sama kafin ya daina sunkuyo. Saboda haka aka yi mata ɗan benci na ƙarfe wanda take takawa ta hau. Wannan bencin ko mai shara ba ya matsar da shi daga inda ta ajiye. An taɓa gwadawa sau ɗaya, ba a sake ba.

Sunan kuwa bakinta ne ya jawo mata. Teburinta na kayan aiki, wanda ake lulluɓewa da koren ƙyalle, da zarar ta shimfiɗa shi ta jera almakasai da hantsakai da allurai, to ya zama haramun ga duk wanda bai wanke hannu ya sa safar hannu ba. Ka matso kusa kawai, ko da niyyar wucewa ce, za ka ji ta bayan takunkumi: "Kar a taɓa!" Babba da yaro, baƙo da ɗan gida, duk ɗaya ne a wurinta. Ba ta yi da faɗa, amma ba a taɓa jin wanda ya nemi ta maimaita ba.

Aikin nata, ga wanda bai sani ba, sai ya ce ai miƙo wannan ne karɓi wancan. Ina! Da safe sai ta tsaya gaban famfon nan da ake buɗewa da gwiwar hannu, ta goge ƙumba ɗaya bayan ɗaya, ta wanke har gwiwa, ta ɗaga hannuwa sama ruwa na zuba ta ƙasa, ta tura ƙofa da baya ta shiga. Daga lokacin da aka ɗaura mata riga ta zura safa, hannuwan nan sun daina zama nata. Hanci zai yi ƙaiƙayi, sai dai ya yi. Gumi zai gangaro ido, sai ta kira a share mata. Hannu ba ya sauka ƙasa da ƙugu, ba ya hawa sama da ƙirji, kuma ba a juya wa teburi baya ko da sunanka aka kira. Duk abu mai kaifi, wuƙa ce ko allura, ba ta miƙa shi hannu da hannu. A 'yar tasa take sa shi, ta tura tsakani, ta ce "Kaifi," likita ya ɗauka, ya gama ya mayar cikin tasar. Sauran kaya kuwa, Likita ba ya ko ɗago kai. Tafin hannu kawai yake buɗewa, abin da yake bukata ya faɗo ciki, ta inda zai riƙe, bakin yana kallon inda za a yi aiki. Ba bakinsa take saurare ba, wurin da ake yankan take kallo, shi ya sa takan riga shi sanin abin da zai nema.

Shi Likita mutum ne mai tsadar magana. Yabo a bakinsa sai ka shekara ba ka ji ba. Idan aiki ya yi kyau ya ce "To." Idan bai yi ba ma ya ce "To," sai dai wanda ya daɗe da shi ya san bambancin. Ita ta sani. Sun tsufa tare a kan gadon nan, shi ya yi furfura ita ta yi, amma ko gidansa ba ta sani ba.

Akwai maganar da takan gaya wa duk sabuwar nas da aka kawo mata, tun ranar farko, kafin ma ta nuna mata inda ake ajiye safa. "Idan safarki ta huje, ki faɗa. Idan kin taɓa abin da bai kamata ba, ki faɗa, ko ba wanda ya gani. Idan jiri ya ɗebe ki, ki faɗa. A nan ba a jin kunya, wanda ke kwance ba shi da bakin da zai faɗa wa kansa." Ta faɗi wannan har 'yan ɗakin sun haddace, suna kwaikwayonta a wurin shan shayi idan ta ba da baya.

A gida ma ba ta sauke halin ba, kuma nan ne ake shan dariya. Mijinta tela ne, shagonsa a zauren gidan, mutum mai barkwanci wanda bai taɓa ɗaukar komai da zafi ba sai a taɓa masa almakashin yanka. Idan ya ce ta miƙo masa wuƙa ya yanka lemo, sai ta ɗora a faranti ta turo masa.

"Kaifi," in ji ta.

"Na gode, Sista. Shi lemon an ba shi maganin barci, ko haka zan yanka shi yana ji yana gani?"

"Ka dai yanka, Malam, ka bar surutu."

Yakan ce wa abokansa likitan matarsa ma tela ne irinsa, riga kawai ya fi shi. Ita kuma ta ce ai da bambanci, shi idan ya ɓata ɗinki farkewa yake ya sake, ya kuma ce wa mai kaya yadin ne ba kyau. 'Ya'yansu sun tashi sun watse, kowa da gidansa, amma jikoki idan sun zo sai su ɗaga hannuwa sama su dinga tura ƙofar ɗaki da baya suna ihun "Kar a taɓa!" Ta bi su da tsintsiya tana dariya.

Da idon tela ya fara rauni, ita ce mai zura masa zare a allurar hannu. Kafin ta fita da safe sai ta zura masa guda huɗu ko biyar ta soke a matashin allura, fari da baƙi da abin da ya ce. Ba ta ko tsayawa saiti, sau ɗaya take turawa ya wuce. Ya ce da ya san haka, da tun farko a shago ya ɗauke ta aiki.

To, a wurin zaren nan abin ya fara. Wata safiya ta tura, zare ya kauce. Ta lasa bakinsa ta sake, ya kauce. Ta ce allurar ce ƙarama. Bayan 'yan kwanaki kofin shayi ya soma ƙara a kan faranti idan ta ɗauko, ƙar-ƙar-ƙar, 'yar ƙara kaɗan wadda ita ta ji ta kamar ana buga ƙarfe. Hannun dama ne. Idan ta ajiye shi a cinya lafiya lau yake, sai ta miƙa shi za ta yi abu mai bukatar saiti, nan yake fara rawa.

Tsoro ya kama ta, tsoron da ba ta taɓa jin irinsa ba. Ba ciwon take tsoro ba. Bencin nan take tunani, da teburin nan, da wa za ta zama idan ba a ɗaura mata riga da safe ba. Ta daina shan shayi. Ta ce gajiya ce. Ta ce ai a ɗakin tiyata bai taɓa yi mata ba, kuma gaskiya ne, da ta zura safa sai hannun ya nutsu kamar ya san inda yake. Da wannan ta dinga lallashin kanta.

Tela kuwa ya gani tun ranar farko, ai mai ɗinki ba a ɓoye masa rawar hannu. Sai kawai ya wayi gari ya ce ya sami sabon tabarau, yanzu da kansa zai dinga zura zarensa, kada ta ɓata lokacinta. Ƙarya yake, ta leƙa ta gan shi yana fama da allura a bakin taga har yana zagin zaren. Ruwa kuma idan zai ba ta, rabin kofi yake zubawa. Ta lura da duka biyun, ta ji daɗi, ta kuma ji haushi.

Rannan dai ya kasa haƙuri. Tana ɗaura takalmi za ta fita, ya tsaya a bakin zaure da tef a wuya.

"Sista, ni fa idan hannuna ya yi rawa, aljihu ne zai karkace."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Da keken ɗinki nake magana."

Ta fita ba ta yi masa sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Har ta hau mota maganar tana cinta.

Aikin ranar na maƙoƙo ne. Wata malamar makaranta ce, ƙullutun ya girma a wuyanta har yana danne mata numfashi idan ta kwanta. Aikin wuya kuwa ba a yi masa garaje, domin a bayan ƙullutun akwai wata 'yar jijiya siririya, ba ta fi zaren ɗinki kauri ba, ita ke riƙe da muryar mutum. A ja ta da ƙarfi ko a ƙwarzane ta, mutum ya tashi yana magana kamar mai raɗa, wani ma har abada. Malama kuwa da murya take ci.

An fara lafiya. Mai sa barci yana zaune a wajen kai yana kallon na'urarsa. Maman Tagwaye, nas ɗin da ke kai-komo a ɗakin tana buɗe kaya tana gyara fitila, tana ta harkarta. Ita ma ba yarinya ba ce, ta yi shekaru tana koyo a hannun Sista. Likita yana buɗe tafi, kaya na faɗawa. Da aka zo wurin jijiyar, ƙaramin likitan da ke taimaka masa hannuwansa biyu duk a cike suke, sai Likita ya saƙala wata 'yar ƙugiya a gefen naman, ya ɗaga shi kaɗan, ya ce, "Sista, riƙe nan. Kar ya motsa."

Ta riƙe irin wannan ƙugiyar sau ba adadi. Ta karɓa. Ga jijiyar nan tana gani, fara sol, kwance dab da bakin ƙarfen.

Sai ta ji shi ya taso. Daga wuyan hannu ya fara, ɗan zir-zir, kamar waya na ruri a cikin jaka. Ta matse yatsu, ya ƙaru. Ta kalli bakin ƙugiyar, bai kai ga motsin da wani zai gani ba tukuna. Likita kansa a sunkuye, ƙaramin likita idonsa na kan nasa. Ba wanda ya sani sai ita.

Zuciya ta ce mata: ɗan jingina hannun a kafaɗar malamar mana, minti nawa ne? Idan aka wuce nan shi ke nan, gobe ki je a duba ki a ɓoye. Wallahi ta so ta bi wannan shawarar, ta so ƙwarai. Ta san idan ta buɗe baki, ba ta sake hawa bencin nan. Amma ga wuyan baiwar Allah a buɗe, ga hannun da ba ta isa ta rantse a kansa ba.

"Likita, tsaya."

Ya tsaya cak. Bai tambayi dalili ba, hannunsa ya daskare a inda yake.

"Karɓi ƙugiyar nan. Hannuna rawa yake."

Likita ya ajiye almakashinsa, ya sa yatsu a kan nata, ya zare ƙugiyar a hankali ya janye ta daga jijiyar. Ya duba wurin da kyau. Ya ɗauki jiƙaƙƙen ƙyalle ya rufe.

"Ba abin da ya taɓu," ya ce. "Maman Tagwaye, je ki wanke hannu. A kira wata ta riƙe miki waje."

Maman Tagwaye ta tsaya baki buɗe a bayan takunkumi. Sista ce ta daka mata tsawa: "Ba ki ji ba ne? Kuma ki wanke sosai, kar ki yi min sauri don ana jiranki."

Aka jira. Ba ta sauka daga bencin ba, domin ba a barin teburi ba mai shi. Ta haɗa hannuwanta a ƙirji, hagu ya riƙe dama, tana gadin kayanta. Da Maman Tagwaye ta shigo aka ɗaura mata riga, suka bi kayan tare da baki, ƙyalle da allura da ƙarfe, kowanne aka nuna aka ambata, har suka tabbata ba abin da ya ɓace. Sannan ta sauko, ta ja baya, ta tuɓe safa ta jefa a bokiti. Ba ta fita ba. Ta jingina da bango ta kalli aikin har aka ɗinke wuyan, hawaye na shiga cikin takunkumi, ba ta kuma ce kowa ya share mata ba.

A baranda Likita ya same ta zaune a kan kujerar masu jira, ba hula. Ya tsaya a kanta, dogo, yana murza goshi.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima. A gida yake yi. Yau ne ya biyo ni nan." Ta sunkuyar da kai. "Da na faɗa tun a gidan."

"Da kin faɗa," ya ce. "Amma kin faɗa." Ya ce zai haɗa ta da likitan jijiyoyi a duba ta. Har ya juya ya waiwayo. "Jibi akwai aiki. Ki zo."

"Da wane hannun, Likita?"

"Ban ce ki wanke hannu ba. Cewa na yi ki zo."

Da ta koma gida tela yana kan keke. Ya ɗago ya kalli fuskarta, ya tsayar da ƙafa. Ta zauna a kan bencin masu kawo ɗinki ta ce, "Na gaya musu." Bai yi barkwanci ba, karo na farko a tarihin gidan. Ya tashi ya rufe shagon da rana tsaka, ga mai jiran wando a waje yana ta ƙorafi.

Washegari ta leƙa ɗakin mata. Tun daga ƙofa ta jiyo malamar, wuya a naɗe da bandeji, tana yi wa ƙanwarta faɗa a kan ta kawo mata zanen da ba shi ta ce ba. Muryar ta ɗan dushe, amma murya ce sosai, har ta gado na uku tana cewa a rage. Sista ta tsaya ta saurari faɗan nan har ƙarshe, ba ta taɓa jin faɗa mai daɗinsa ba. Likitan jijiyoyi kuma ya ce ba ciwo ne mai kisa ba, magani zai rage shi, za ta ci abincinta ta ɗaura zanenta. Amma teburi, ya girgiza kai. Ta ce ta sani.

Ranar da Likita ya ce ta zo, ta zo. Aikin waje aka ba ta, wanda Maman Tagwaye ke yi a da: karɓo majiyyaci, tambayar sunansa da wurin da za a yi wa aiki, buɗe kaya, ɗaura wa masu aiki riga ta baya. Ta ɗaura wa Maman Tagwaye, ta ja igiyar da ɗan ƙarfi fiye da kima, ta ce ta tsaya da kyau. Zuciyarta kuwa a jagule take, tana jin kanta kamar baƙuwa a ɗakin da ta fi kowa sani.

Aka turo majiyyacin. Mahauci ne, ƙato, ƙirji kamar ƙofa, ƙaba za a gyara masa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da wuƙa a hannu, ga shi kwance yana kallon fitilar sama, leɓe na karkarwa, gadon har motsi yake. Mai sa barci yana neman jijiya a hannunsa na hagu, hannun ya ƙi tsayawa.

A duk shekarun nan, kafin ta matso gado an riga an rufe mutum da koren ƙyalle, ɗan fili kawai ake bar mata na fata. Ba ta san haka idanunsu suke yi ba kafin barci ya ɗauke su. Ta zagaya ta dama, ta kama hannun mahaucin da nata, ba safa.

Ya juyo ya dube ta. Ya dubi hannun.

"Inna, ke ma naki rawa yake." Ya haɗiye yawu. "Don Allah ba dai ke za ki yanka ni ba?"

Mai sa barci ya ƙunshe dariya. Maman Tagwaye ta juya kai gefe.

"A'a, ɗana," in ji Sista. "Masu yankan suna can, hannunsu lafiya lau, ni na tabbatar. Ni riƙe ka zan yi."

"To riƙe ni da kyau, Inna."

Ya damƙe ta har zobenta ya nutse a yatsa. Mai sa barci ya sami jijiyar, ya tura magani. Tana ji damƙar tana saki kaɗan-kaɗan, yatsun nan masu kaushi suka buɗe, numfashinsa ya daidaita. Aka ɗora masa abin numfashi, aka fara shafa masa magani a ciki. Ita dai tana nan tsaye.

"Sista," in ji mai sa barci a hankali, "ya yi barci fa."

"Na gani," ta ce. "Bari a rufe shi tukuna."